Bindiga Ba Gero Ba Ce, Ba Ta Tsirowa A Daji

A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, bayan jama'a sun yi isha'i sun shiga ɗaka, wasu mutane a kan babura suka dira Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka tasa ƙeyar ɗalibai sama da 300 zuwa daji a ƙasa, cikin sanyin hunturu, wasunsu ko takalmi babu. A wannan dare shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, yana Daura, wato cikin jihar da aka yi wannan ta'asa. Sai da yaran nan suka kwana shida a hannun mutanen daji kafin aka sako 344 ranar Alhamis, 17 ga wata. Aka yi murna, aka ɗauki hotuna a gidan gwamnati, aka yi ta gardama a kan an biya kuɗin fansa ko ba a biya ba. Amma akwai tambaya guda da mahukunta suka tsallake kamar garwashin wuta: bindigogin da aka kora 'ya'yan talakawan nan da su, daga ina suka fito?

Kowa ya san abin da ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa take fitarwa. Masara ce da dawa da auduga, sai shanun da ake kaiwa kasuwar Sheme, sai farar ƙasar da ake haƙowa a Ƙanƙara. Babu kamfanin ƙera makami ko ɗaya a wannan yanki. Maƙerin ƙauye kuwa, iyakar gwanintarsa bindigar toka da harba-ka-ruga. To amma abin da yake rataye a kafaɗar yaron daji, wanda ko gemu bai fara ba, AK-47 ce, wadda wani Barashe mai suna Mikhail Kalashnikov ya tsara a 1947. Nauyinta bai wuce kilo huɗu da 'yan kai ba, tana ɗaukar harsashi 30 a lodi guda, ba ta jin ƙura, ba ta jin ruwa, kuma tana iya shekaru gommai tana kisa. Irin wannan abu ba ruwan sama ne ya zubo da shi a dajin Rugu ba. Wani ne ya ƙera, wani ya sayar, wani ya yi dako, wani ya kau da kai a shingen bincike, wani kuma ya karɓi riba. Duk wanda yake zancen 'yan bindiga bai taɓo waɗannan mutane ba, to jifan gaibu kawai yake yi.

JININ DA YA ZUBA

Ɗan'uwa mai karatu ya tuna. A watan Yunin 2020 aka shiga Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari aka kashe gomman mutane, a makon kuma aka afka wa ƙauyukan Sabuwa. A Yunin 2024 aka shiga 'Yargoje ta Ƙanƙara, mazauna garin suka ce an kashe aƙalla mutum 50. A Agustan 2025 aka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, aka kashe bayin Allah suna fuskantar alƙibla. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Wannan fa ban da manomin da aka ɗora wa haraji kafin ya shiga gonarsa ta gado, ban da magidancin da ya sayar da rumbu da shanun noma ya fanshi matarsa, ban da matan da suka koma bara a Funtuwa da Katsina alhali jiya-jiyan nan su ne masu bayarwa.

Rigima tsakanin manomi da makiyayi ba yau aka fara ta ba. Kaka da kakanni an yi ɓarna, an yi faɗa da sanda da adda, an je gaban mai gari ko alƙali an biya diyya. Sata ma ba yau aka fara ba. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. Da sanda mutum guda ake rotsewa. Da AK-47 yara goma sukan tashi gari guda kafin ladan ya gama kiran salla.

KASUWAR MA'ABOTA GIRMAN KAI

Wata cibiyar bincike da ke birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, mai suna Small Arms Survey, ta yi ƙiyasi a 2018 cewa akwai ƙananan bindigogi sama da biliyan ɗaya a duniya. Daga ciki miliyan 857 suna hannun farar hula, miliyan 133 a hannun sojoji, miliyan 23 a hannun 'yan sanda da makamantansu. Nijeriya kuwa aka ce farar hularta suna riƙe da sama da miliyan 6. Tsohon shugaban ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar ma ya maimaita wannan adadi na miliyan 6 a 2021. Tun a shekarar 2000 Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya nuna cewa in dai yawan gawa za a duba, to ƙananan makamai su ne ainihin makaman ƙare dangi.

Manyan ƙasashen duniya sukan tayar da jijiyar wuya a kan nukiliya, su kafa takunkumi, su yi yaƙi a kanta, domin ita ce take iya kaiwa gidajensu. Amma makamin da yake cin talakan Faskari, wannan haja ce. Ƙasashe biyar ɗin nan masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, wato Amurka, Rasha, Sin, Faransa da Birtaniya, waɗanda aka ce su ne masu gadin zaman lafiyar duniya, su ne kuma suke sahun gaba a cinikin makamai. Kura ke nan aka bai wa ajiyar nama. A 2013 aka amince da yarjejeniyar duniya ta sa ido a kan cinikin makamai, ta fara aiki a Disambar 2014, Nijeriya ce ma ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita. Amurka ta sa hannu amma majalisarta ba ta taɓa tabbatarwa ba, a 2019 kuma shugaba Trump ya ce ya janye. Rasha ko sa hannun ba ta yi ba. Su kuma shugabannin Afirka ta Yamma sun taru a Abuja a 1998 sun yi alƙawarin dakatar da shigo da ƙananan makamai, suka sake taruwa a 2006 suka mayar da shi yarjejeniya. Tarayyar Afirka ta ce za a rufe bakin bindiga kafin 2020. Da shekarar ta zo, shekarar da aka kwashi yaran Ƙanƙara ke nan, sai aka ɗaga wa'adin zuwa 2030. Takarda dai ta sha tawada, ƙasa kuma ta sha jini.

ƘOFOFI UKU

Ta ƙofa uku wannan bala'i yake shigowa. Ta farko ita ce hamada. A 2011 ƙungiyar NATO ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, aka bar rumbunan makaman da ya shekara 42 yana tarawa a buɗe ba mai gadi. Waɗanda suka rusa ƙasar suka kaɗe rigunansu suka koma gida. Cikin 'yan watanni arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, sauran kayan kuma suka bi hanyar fatake ta Agadas suka gangaro kudu. Jihar Katsina kuwa iyaka gare ta da Maraɗi, ga kuma daji ya haɗe tun daga Jibiya da Batsari da Safana har Zamfara da Birnin Gwari.

Ta biyu ita ce teku, kuma a nan ne ƙaryar masu cewa duk laifin Libiya ne take ƙarewa. A shekarar 2017 kaɗai, jami'an kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu, akasarinsu daga Turkiyya. A 2024 aka kama kwantena a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas ɗauke da bindigogi 844 da harsasai 112,500. Bafulatanin da yake kwana a gindin kuka bai san hanyar Istanbul ba, ba ya buɗe asusun banki, ba ya cike takardar fiton kaya. Wannan aikin masu babbar riga ne da masu kwat. Kuma wannan wanda aka kama ke nan. Wanda ya wuce, Allah kaɗai ya san yawansa.

Ta uku ita ce mafi ɗaci, domin a cikin gida take. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba ya zuwa ƙarshen 2018, daga ciki har da AK-47 guda 88,078. A 2025 rundunar sojan da take yaƙi a Arewa maso Gabas da bakinta ta sanar da kama sojoji 18 da 'yan sandan kwantar da tarzoma 15 bisa zargin sayar wa 'yan ta'adda makamai. Wata cibiyar bin diddigin makamai ta Birtaniya, Conflict Armament Research, ta duba bindigogin da aka ƙwato a Katsina da Zamfara da Kaduna, ta fitar da rahoto a Janairun 2020, ta gano wasu daga Libiya suke, wasu daga Kodebuwa, wasu daga Turkiyya, wasu kuma daga rumbun jami'an tsaron Nijeriya. Wato ke nan da kuɗin talaka aka sayi bindigar don a tsare shi, da ita kuma aka zo aka kashe shi. Ƙaramin soja ko ɗan sandan da ake yi wa kwanton ɓauna a hanyar Sheme shi ma ɗan talaka ne, shi ma wannan cin amana ne yake cinye shi. Ɓarawon yana sama, gawar tana ƙasa.

SULHUN DA BINDIGA TAKE RATAYE

Mahukunta sun gwada sulhu. A Satumbar 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga har Dankolo ta Sabuwa ya zauna da mutanen daji, duniya kuma ta ga hoton gwamna tsaye kusa da mai riƙe da AK-47. Kafin shekara ta zagayo, gwamnan da kansa ya fito ya ce an ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe yaran Ƙanƙara, ya je Gusau a Fabrairun 2021 ya dafa Alƙur'ani ya ce ya tuba, ya miƙa bindigogi. Ba a yi wata uku ba ya koma daji, can kuma abokan gabarsa suka kashe shi a ƙarshen Afrilu. Shin da ya koma, da sanda ya koma? Ashe abin da ya miƙa ɗin somin-taɓi ne, kasuwar da ya sayo kuwa tana nan tana ci. Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020 saboda waƙi'ar Kadisau, shi ne aka naɗa wa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji ta Zamfara a 2022, shi ne kuma aka gani a taron sulhu na Faskari a Satumbar 2025, yaran daji sun zo da makamansu a kafaɗa a gaban kowa.

Ba za a ga laifin ɗan ƙauyen da ya rungumi sulhu ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma mutumin da yake son ya girbe masararsa ya fi mai zaune a Abuja sanin zafin abin. Sulhu alheri ne a addini. Amma sulhun da ɓangare ɗaya ya zo da carbi, ɗayan ya zo da bindiga ya kuma koma da abarsa, wannan ba sulhu ba ne, hayar zaman lafiya ce, ranar da mai haya ya ga dama ya tashi ɗan haya. Ga tambayar da ba a yi a taron: wa ya sayar muku, a ina, nawa, ta wace hanya? Mutumin da ya tuba da gaske zai faɗi sunan dillalinsa. Hukumar da take son ƙarshen fitinar da gaske za ta tambaya.

An gwada rufe-rufe ma. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka hana sayar da fetur a jarka, aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13. Talaka ya sha wuya, mai rake da mai shayi suka rasa ciniki, wanda aka kawo wa hari ya rasa yadda zai kira ɗauki. An rufe komai ban da ƙofofin nan uku.

KOWA YA SAYI TASA?

Da abin ya gagara, sai aka fito da sabuwar fatawa. A Agustan 2021 Gwamna Masari ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga. Wannan magana tana da daɗi a kunnen matashin da aka kashe wa uba, jininsa yana tafasa. Kuma gaskiya ne Musulunci bai ce mutum ya miƙa wuya a yanka shi ba. Kare rai da iyali da dukiya haƙƙi ne, wanda ya tsaya a bakin garinsu ya tare maharan ba abin zargi ba ne. Amma a tsaya a yi tunani. Hukumar da take karɓar haraji, take ware kuɗin tsaro duk shekara, in ta ce wa talaka ya sayi bindiga, to ta yi murabus ne ba ta sauka daga kujera ba. Sannan a wurin wa zai saya? A wurin dillalin nan dai da yake sayar wa daji. Ya ci riba a hannun maharbi, ya ci riba a hannun wanda za a harba. Kashin kowa ya bushe, nasa ya yi maiƙo.

A dubi abin da ya faru a farkon Fabrairun 2023. Ɓarayi suka kore shanu a ƙasar Bakori, 'yan sa-kai daga ƙauyuka da dama suka bi sawu, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje na Ƙanƙara. 'Yan sanda da kansu suka tabbatar da mutuwar 41. Majiya ƙarfi 41 a fita guda, kowanne da uwa, da yawa da mata da 'ya'ya. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba, amma a tseren makami talaka ba ya cin wanda yake karɓar kuɗin fansa. In ƙauye ya yi karo-karo ya sayi biyar, daji zai saci mutum goma ya sayi hamsin.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa. Bindiga in ta shiga hannun da babu shari'a a kansa, ba ta bambance ɓarawo da mai kama da ɓarawo. An sha tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi ba alƙali ba shaida, alhali wataƙila shi ma an kore masa shanu. Ɗansa kuwa sai ya shiga daji da wutar ramuwa, ya faɗa wa ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai kisa yana salla, wanda aka kashe yana salla, alƙiblarsu ɗaya, mai ƙera makamin kuwa ko sunan garinsu bai sani ba. Da yawan bindiga yana kawo aminci, da Amurka ta fi ko'ina kwanciyar hankali, tun da a ƙiyasin 2018 farar hularta suna riƙe da miliyan 393, sun fi yawan mutanen ƙasar. Amma a 2021 bindiga ta ci rayuka sama da 48,000 a can, fiye da rabi ma kansu suka kashe da ita. Wannan shi ne maganin da ake tallata wa Ƙanƙara?

ZOBEN ƘARSHE

Sarƙar nan doguwa ce, ta faro daga masana'antun Turai da Asiya, amma zobenta na ƙarshe a cikin gari yake, kuma sau da yawa matashi ne. Bindiga ba harsashi sanda ce, babur ba fetur kujera ce. Wa yake kai harsashi a cikin buhun hatsi da jarkar manja? Wa yake kai fetur da burodi da ƙwaya? Wa yake buga waya ya ce wane ya sayar da masara, kuɗin suna ɗaka? Ba daga Rasha aka zo da infoma ba. Yana sahu ɗaya da jama'a a masallaci, wataƙila ma yau ya yi Juma'a.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa haramun ne sayar da makami ga 'yan fashi, haka nan a lokacin fitina tsakanin Musulmi, domin taimako ne a kan zunubi. Hukuncin masu tare hanya da yaɗa ɓarna a bayan ƙasa kuwa yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 33, mai son sani ya je ya karanta. Talauci gaskiya ne, rashin aikin yi gaskiya ne, kuma azzaluman da suka jefa matasa cikinsu za su amsa tambaya. Amma babu yunwar da take halatta cin kuɗin jinin maƙwabci. Wanda ya kai harsashi ɗaya, yana da kaso a gawar da harsashin ya kayar.

Saboda haka aikin da yake gaban matashi mai kishin addini a bayyane yake. Ya tsarkake hannunsa daga wannan ciniki, ya kuma janye ƙaninsa da abokinsa tun kafin su faɗa. Kada ya yarda a mayar masa da fitinar ta zama ta Hausa da Fulani, domin wannan rabuwa ita ce jarin dillali. In an zo tsaron gari, ya kasance ƙarƙashin tsari da dattawa da doka, kamar yadda aka yi niyya da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ita ma kuma a sa mata ido, a san adadin makamanta, a hukunta wanda ya wuce gona da iri. Sannan ya riƙe tambayoyinsa ya jira masu zuwa neman ƙuri'a da atamfa da taliya. Ina bindigogi 88,078? Su wa suka yi odar kwantenar Onne, su wa suke bayansu? An kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, an yi mata doka a 2024, to manyan dillalai nawa ta kai gaban alƙali a bainar jama'a? Bindiga nawa aka karɓa a kowane taron sulhu, ina kuma aka kai su? Limamai su ɗauki waɗannan tambayoyi su hau mumbari da su, kada huɗuba ta tsaya a kan haƙuri kaɗai, domin haƙuri da zalunci ba tare da faɗin gaskiya ba, ba shi ne haƙurin da aka yi umarni da shi ba.

Yaran da aka kora daji a daren Juma'ar nan sun girma, sun zama samari, wataƙila wani a cikinsu yana riƙe da wannan jarida. Sun cancanci a gaya musu wa ya ɗora makami a hannun wanda ya kore su. Duk wanda ya ƙera don riba, da wanda ya yi fito, da wanda ya buɗe rumbu da dare, da wanda ya karɓi na goro a shinge, da wanda ya sani ya yi shiru, su sani cewa akwai ranar da ba a ɓatar da fayil, ba a ɗage shari'a, ba a kuma sayen shaida. Allah ya isar wa raunana, ya tona asirin masu cin wannan kasuwa, ya mayar da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gonakinsu cikin aminci.